Yadda Aibin Roba Ya Zama Ado a Fuskar Jita

A Amurka da Turai da Japan akwai masu jitar lantarki da ke kwance farantin robar da ke fuskar jitarsu, sabo fil, su dirje shi da samfefa, su jiƙa shi cikin kofi ko shayi mai kauri, su shafa masa man takalmi ruwan ƙasa, su shanya shi a rana, duk don ya yi kama da wanda ya shekara 60 ana kiɗa a kansa. Aikin farantin shi ne kare fentin jita daga karcen 'yar robar da ake kaɗa tsirkiya da ita, kuma a jitar Stratocaster shi ke ɗauke da na'urorin ɗaukar sauti da wayoyinsu. Masu sukar wannan al'ada suna kiranta yaudara. Ni a ganina sana'ar kwaikwayo ce mai dogon tarihi, kuma abin da ake kwaikwayo wani aibi ne na robar da kamfanin Fender ya yi amfani da ita na 'yan shekaru kaɗan, sannan shi kansa ya guje ta.

Lokacin da Leo Fender ya fitar da Stratocaster a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1954, farantin fari ne mai falle ɗaya, ana ɗaure shi da kusoshi 8. A tsakiyar 1959 aka sauya shi da mai falle uku, fari da baƙi da fari, kusoshi 11, kuma aka yi shi da seluloyid. Ita wannan roba tsohuwa ce ƙwarai. John Wesley Hyatt ne ya inganta ta wajajen 1870 yana neman abin da zai maye gurbin hauren giwa, ta hanyar haɗa audugar da aka sarrafa da sinadari da kuma kafur. Tana da sheƙi da kyan gani, amma ba ta da zama lafiya. Kafur ɗin yana fita daga jikinta a hankali, sai ta motse, ta ja kusoshi su karkace, ta tsage, galibi a kusar da ke dab da wuyan jita. Ga ta da saurin kama wuta. Launinta kuwa yakan juye daga fari zuwa wani kore-kore mai kama da ruwan na'a-na'a, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne baƙin fallen tsakiya yana hasko kansa ta cikin farin da ya fara komawa ɗorawa. Wajajen 1965, shekarar da kamfanin CBS ya sayi Fender kan dala miliyan 13, aka koma wata robar da ke riƙe farinta. A idon masana'anta an rabu da matsala.

Makaɗa suka ga abin daban. Suka yi ittifaƙi, da hujja ko babu, cewa jitocin da aka ƙera kafin zuwan CBS sun fi na bayansu, sai duk wata alama da ke nuna jita ta wancan zamani ce ta zama abin so, har da koren farantin da tsagewarsa. Kuɗi suka biyo baya. Baƙar jitar makaɗi Eric Clapton da ake kira Blackie, wadda ya harhaɗa daga sassan jitocin shekarun 1950, an yi gwanjonta a New York a 2004 kan dala 959,500. Stratocaster ɗin Rory Gallagher ɗan ƙasar Ayalan, ƙirar 1961, wadda gumi da yawan kiɗa suka cinye kusan dukkan fentinta, ta haura fam 800,000 a gwanjon Landan a 2024. Wanda ba shi da irin wannan kuɗi kuma yana son irin wannan kama, dole ya nemi wata hanya.

Kamfanin da kansa ya buɗe masa hanyar. Sashen ƙira na musamman na Fender, wanda aka kafa a 1987, ya kai jitocin da aka tsufar da gangan zuwa baje kolin kayan kiɗa na Anaheim a 1995 da sunan Relic, kuma wani maƙeri mai suna Vince Cunetto ne ya riƙa yi musu aikin tsufarwar a shekarun farko. A 2009 aka fito da masu rahusa, Road Worn, daga masana'antar Ensenada ta Meksiko. Kamfanin jita na Gibson ma yana da nasa sashen tsufarwa a ƙarƙashin Tom Murphy. Saboda haka mai jiƙa faranti a kofi a ɗakin girkinsa yana bin sawun masu sana'ar ne, kuma su ma ba su suka fara ba. A ƙarni na 19 Jean-Baptiste Vuillaume na birnin Faris yana ƙera gogen Turawa irin na tsofaffin maƙera Stradivari da Guarneri, yana kwaikwayon har wuraren da haɓa da hannu suka goge fenti, kuma a yau gogensa kayan daraja ne da ake nema da sunansa.

Suka mafi ƙarfi ita ce cewa tabo shaida ce, kuma wanda bai sha wahalar dare dubu a gidajen rawa ba bai cancanci sa tabon ba. Maganar tana da nauyi, amma ta ɗauka cewa koren faranti ladan wahala ne, alhali ko jitar da aka ajiye a akwati ba a taɓa ta ba seluloyid ɗinta zai motse ya sauya launi. Sinadari ne ya yi aikin, makaɗi bai yi komai ba. Wanda ya gaji irin wannan jita ko ya saye ta da miliyoyi shi ma bai yi gumin ba, kuma ba a ce masa mayaudari. Akwai masu cewa kuma tsufarwar ba ta ƙara wa sauti komai. Gaskiya ne, kamar yadda yagaggen wandon jins da ake saya a kanti bai fi lafiyayye ɗumi ba. Launin ja ko shuɗi na jita ma ba ya ƙara sauti, amma ba wanda ya ce a daina fenti.

Inda sukar ta fi dacewa shi ne rashin iyawa, domin yawancin aikin gida ba ya kama da abin da ake nufi. Robar zamani ba ta shan ruwa, don haka kofi yakan zauna a samanta ne kawai, a goge shi da tsumma ya tafi, sai dai in an fara kashe sheƙinta da samfefa mai laushi. Man takalmi kan taru a cikin karce ya yi duhun da tsufa ba ta yi. Mai garaje yakan rina farantin gaba ɗaya launi ɗaya, ya manta cewa a tsohuwar jita wurin da ke ƙarƙashin maɓallan murɗa sauti ya fi haske saboda rana da hayaƙin taba ba su kai can ba, karcen kuma yana bin inda hannu ke sauka ne, a ƙasan tsirkiya, duk ya nufi gefe guda. Wanda ya iya aikin shi ne wanda ya daɗe yana duban na ainihi.

Yaudara tana shigowa ne a wajen ciniki, ranar da aka ɗora irin wannan faranti a kan jita aka ce na 1962 ne, domin farantin asali kaɗai kuɗi ne masu yawa. Dillalan tsofaffin jita sun san haka, shi ya sa ba sa tsayawa kan launi. Sukan kwance farantin su duba fallen alminiyom da Fender ke sawa a ƙarƙashinsa a wancan zamani, su haska shi da fitila mai shuɗin haske, su murza gefensa da yatsa su shinshina ko ƙanshin kafur zai tashi. Sannan su duba ramukan kusoshi, domin seluloyid da ya shekara 60 ya riga ya motse har ramukansa sun ɗan kauce wa na jikin katako, kuma kofi da rana ba sa iya sa robar zamani ta motse haka.