Kwalejin Bala Usman a Garin Bayajidda

Wannan makon Daura za mu leƙa.

A Daura akwai kwalejin gwamnatin Jihar Katsina da ke koyar da shari'a da sauran fannoni, wadda aka sa wa sunan marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Ba jami'a ba ce. Irin makarantar nan ce da yaro daga Zango ko Baure ko Mai'adua ko Sandamu zai shiga ya yi difloma ko NCE ba tare da mahaifinsa ya sayar da gona don kuɗin Zariya ba. A makarantu irin wannan, duk wanda ya ɗauki tarihi ko nazarin zamantakewa ko kimiyyar siyasa ya san tambayar da ke jiran sa a gida: "To in ka gama, me za ka zama?" Mai karatun jinya ba a yi masa wannan tambayar. Mu dai muna ganin an raina wa ɗaliban nan abin da ke hannunsu, kuma tarihin yadda aka yi ta nazarin Daura kanta ya isa hujja.

Kowa ya san labarin da garin ya yi suna da shi. Baƙo ya zo daga gabas, ya tarar da macijiya ta hana ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya kashe ta, ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai. Da shi aka yaye mu. Abin da ba a cika gaya mana a firamare ba shi ne labarin yana sauya riga gwargwadon bakin da ya fito. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na wajen 1812, ya ambaci Bawo, amma a matsayin bawan Sarkin Barno. Ku lura da mai maganar da lokacin da ya yi ta: jagoran jihadi ne yana bayani a kan asalin sarakunan da aka tumɓuke. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya buga labarin da Turanci a 1928, yana neman danganta Bayajidda da Abu Yazid, wani ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya mutu a 947. Shi ma da abin da ke ransa. Turawan wancan zamani sun fi son jin cewa duk wani tsarin mulki da suka tarar a ƙasar baƙar fata, wani ne mai hasken fata ya kawo shi daga nesa.

Mutumin da ya fara zama ya bi al'amuran masarautar daki-daki da idon masanin zamantakewa shi ne M. G. Smith, ɗan ƙasar Jamaika. Matarsa Mary Smith ce ta rubuta rayuwar Baba ta Karo, littafin da ya fito a 1954, wanda ya kamata duk marubucin ƙagaggen labari ya nema. Smith ya yi aikinsa a Daura a ƙarshen shekarun 1950, zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Littafin, The Affairs of Daura, bai fito ba sai 1978, kuma a Kaliforniya ta Amurka aka buga shi. Abin da ya sa littafin ya yi nauyi shi ne bai tsaya a bakin rijiya ba. Ya nuna cewa bayan jihadi, da Malam Isiyaku ya karɓi birnin, gidan sarautar Haɓe bai ɓace ba, rabuwa ya yi, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Baure, suna zaune ƙarƙashin inuwar Damagaram. Ke nan a ƙarni na 19 Daura uku ake da ita, kowace da fadarta da masu sarautarta. Da Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi birnin, abin da ba su yi a Kano ko Katsina ko Zariya ba. Smith ya zauna da dattawan fada yana tambayar wa ke naɗa wa, wa ke karɓar haraji, mene ne aikin Galadima da Kaura, ina matsayin Magajiya. Duk amsoshin daga bakin Daurawa suka fito. Shi nasa tsara tambaya da haƙurin rubutawa.

A nan ne mai sunan kwalejin ya shigo. An haifi Yusufu Bala Usman a Musawa a 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta wajen uba, jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ta wajen uwa. Ya yi digiri a Lankasta ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya koma sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. (Kada a haɗa Smith biyun nan. Wannan Baturen Ingila ne da ya musulunta, shi ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970.) A wannan shekarar ta 1970 Abdullahi Smith ya fitar da maƙalar da ta girgiza labarin Hausa Bakwai. Hujjarsa ita ce daula ba ta faɗowa daga gadon bayan dokin wani jarumi. Ƙauye ne ke girma ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, saboda ƙasar noma da tama da hanyar fatake da wuraren bauta da ke jawo mutane daga ko'ina. Labarin ma da kansa ya ba da shaida, tunda baƙon ya tarar da sarauniya da fada da gari a zaune.

Bala Usman ya ɗauki wannan hanyar ya ƙara mata kaifi a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Ya ƙi yarda a karanta tarihinmu a matsayin kokawar ƙabilu, Haɓe a nan, Fulani a can. Kuma akwai wata maƙalarsa da muke ganin ta fi kowace amfani ga mai koyon rubutu, wadda ya bi diddigin abin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta a kan Katsina a shekarun 1850. Ya tambayi inda Barth ya sauka, da wa ya yi hira, a wane hali yake, me ya gani da idonsa, me aka gaya masa. Wato takardar Bature ma sai an yi mata tambayoyin da ake yi wa maroƙin fada. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005, kuma tarin maƙalunsa da aka buga bayan rasuwarsa an sa masa suna mai nufin a wuce tatsuniya.

To ga kwaleji mai sunan wannan mutum an dasa ta a garin da tatsuniyar ta fi ko'ina daraja. Wasu za su ga kamar tsokana ce. Mu ba mu ga haka ba. Ba a ce ɗalibi ya je fada ya ƙaryata kakanninsa ba, kuma wanda ya yi hakan bai fahimci darasin ba. Labarin Bayajidda shaida ce, sai dai shaida ce a kan masu ba da shi: yadda masarautu bakwai suka so a ga zumuncinsu, da dalilin da ya sa ko a lokacin da Daura ba ta da ƙarfin Kano ake girmama ta a matsayin uwa. Wanda ya tsaya kallon Sallar Gani da wannan tunanin zai koma gida da abin rubutawa fiye da wanda ya je ɗaukar hoton dawaki kawai.

Sai dai ɗaliban yau sun taso cikin wani giɓi da ba laifinsu ba ne. Darasin nazarin zamantakewa ya shigo makarantun Nijeriya ne a shekarun 1960, aka fara gwada shi a Aiyetoro da taimakon Amurkawa, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba shi gindin zama. Sannu a hankali ya haɗiye tarihi, har aka wayi gari manhajar 2007 ta cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Sai a gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, aka ƙaddamar da dawo da shi a 2022. Amma wa zai koyar? Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, don haka malamin da zai tsaya gaban 'yan aji huɗu a wani ƙauyen Baure, daga kwaleji irin wannan zai fito, ba daga babbar jami'a ba. In haddar sunayen sarakuna kawai aka ba shi, ita zai ba yara.

Mu marubuta ma abin ya shafe mu. Littattafanmu cike suke da sarakuna da gimbiyoyi na ƙasashen da babu su, alhali ga Zango da Baure, gidaje biyu na jini ɗaya da suka shafe kusan ƙarni suna hangen birnin da aka kore su daga ciki. Ga kuma abin da ke faruwa yanzu. Daga Daura zuwa Kongolam tafiyar 'yan mintoci ce, daga nan hanya ta miƙe zuwa Damagaram. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Dillalan kasuwar Mai'adua da direbobi da matan da aka aurar a tsallaken iyaka duk sun san abin da rufewar ta yi musu, kuma suna nan da ransu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma ta Daura aka tsara zai bi. Ɗalibin da ke neman batun aikin kammala karatu, ko marubucin da ke neman labari, kuɗin acaɓa da littafin rubutu kawai yake buƙata, kuma ba sai ya nemi tafinta ba.