Hujin da Aka Daina Yi

Tun da gwiwa ta raba ni da tsani, abin da ya rage mini a sana'ar wayarin shi ne a ɗauke ni a mota a kai ni in ga ɓarnar da wani ya yi. Lokacin kiran kuwa ba ya sauyawa: ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, bayan ruwan farko. Gidan burodi a Kawo, wurin wankin mota a Unguwar Dosa, masana'antar ruwan leda a hanyar Mando. Mai wuri zai nuna maka jerin fitilu, ya rantse masu hana ruwa ya saya, ga kwali nan an rubuta IP65, amma ga ruwa kwance cikin gilashi, bireka kuma ta ƙi zama. In ka tambayi yaron da ya yi aikin ta ina ya shigar da waya, sai ya ce ta sama. Gilan ɗin matse bakin shigar waya da ya zo cikin kwalin fa? Yana aljihunsa, wai ya yi wa wayar kaɗan.

Rataya fitila ɗaya ba gwaninta ba ce. Gwanintar tana wajen jera ashirin a layi guda, domin kowace tana da ƙofar shiga da ta fita, kuma alkawarin da kamfani ya rubuta a kwali ya ƙare ne daga lokacin da ka huda ta. Daga nan ragowar alkawarin naka ne.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan zamanin hukumar lantarki ta ECN ne. An haɗe ta da hukumar madatsun Neja ta zama NEPA a 1972, amma shi har ya koma ga Allah ECN yake cewa. Ya yi karatun sana'a a makarantar fasaha da aka buɗe a Kaduna a 1956, wadda daga baya ta zama Kaduna Polytechnic, ya kuma yi aiki a masaƙun Kakuri, can ƙetaren kogi, inda da gangan ake sa wa ɗakin saƙa danshi don kada zare ya riƙa tsinkewa. Wanda ya koyi wayarin a irin wannan ɗaki ba ya wasa da laima. A hannunsa na fara, lokacin bututun ƙarfe ne mai inci uku bisa huɗu, wayar fitila kuma 3/029 muke kiranta, kafin milimita ta shigo. Da hannu muke yanka wa bakin bututu haƙoran ɗauri, mu lanƙwasa shi a gungumen katako mai rami, mu shafe duk inda ƙarfe ya fito da jan fenti. Dokarsa ta farko: babu haɗi a cikin bututu. Waya ta shiga fitila, ta zauna a ƙarƙashin sukurunta, ta fita zuwa ta gaba. In ta gaza da taƙi ɗaya, zare ta za ka yi gaba ɗaya ka ja sabuwa.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Akwai wani abu da yake yi a ƙarshen kowane aiki wanda rabon da in ga an yi shi har na manta. Bayan mun wuni muna matse gilan, muna gyara zaman robar murfi, muna toshe ƙofar fitilar ƙarshe, sai ya bi layin da ido, ya tsaya a akwatin da ya fi kowanne ƙasa, ya ɗauko siririn bakin huji, ya huda gindinsa.

Ranar da na fara gani na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, mun wuni muna toshewa, yanzu kuma ku huda da hannunku?"

Ya ce, "Kai yaro, ruwan da ke kashe fitila ba duka daga sama yake zuwa ba. Wani a cikin bututun ake haifarsa."

Gaskiyarsa. A zafin Maris da Afrilu bututun da ke ƙarƙashin kwano yana ɗaukar zafin da ba ka iya dafa shi, iskar ciki ta kumbura ta fita. Hadari na tasowa ƙarfe ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo iskar waje da duk laimarta, ta zama gumi a jikin bututun kamar na murfin tukunya. Yau ɗigo, gobe ɗigo, kafin Agusta ya taru ya gangara inda ya fi ƙasa. In fitila ce a wurin, ita za ta sha. Shi ya sa tun wajen kafa layi muke ɗan karkatar da shi, ƙasa da abin da ido zai lura, zuwa wani akwati da ba fitila a jikinsa, ba sukuru a cikinsa, aikinsa kawai ya tara ruwa ya zubar. Abokin gabar wannan huji shi ne zanzaro, wanda ba ya ganin rami ya ƙyale. Don haka duk shekara kafin damina akan tura mu yara da guntuwar waya, mu bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya muna fasa gininsa. Ba wanda yake biyan kuɗin wannan zagaye. Cikin aikin yake.

Zancen yara ya tuna mini da Megger ɗin Baba, na'urarsa ta gwajin waya, mai hannun juyawa, mai ba da bolt 500. Duk sabon yaro sai an ce ya riƙe bakin wayoyinsa biyu, wani ya ɗan murza, ya daka tsalle, a yi dariya, shi ke nan ya zama ɗan gida. Amma in an zo gwajin gaske ba dariya. Baba sai ya sa a watsa wa layin fitilun waje ruwa da bokiti tukuna, sannan ya murza. In allura ta sauka ƙasa da megom ɗaya, ba ya sa hannu. Gab da Babbar Daba ta FESTAC a 1977, lokacin da aiki ya yi wa garin nan yawa, ana ta rige-rigen gama otal ɗin Durbar da aka rushe a 2020, wani ɗan kwangila da muke wa wani aiki daban ya matsa masa ya sa hannu a ba da wuta, a gwada daga baya. Baba ya naɗe wayoyin Megger ɗinsa, ya ce mu tafi. Kuɗin wannan aiki har yau ba su fito ba.

Kada in tsallake batun layi uku. A babban ɗaki ba ma ɗora fitilu a layi ɗaya: ta farko a ja, ta biyu a rawaya, ta uku a shuɗi, a sake zagayowa. Yaran yanzu suna zaton don raba nauyi ne kawai. Dogon ƙwan nan mai cok yana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, kuma a ƙarƙashinsa injin da ke juyawa yana iya yi wa ido kamar a tsaye yake, mutum ya kai hannu. Rarraba su a layi uku shi ke kashe wannan ruɗu. Ga kuma ribar da ba a rubuta a littafin Ingila ba: ranar da layi ɗaya ya ɗauke daga tiransifoma, kashi biyu cikin uku na ɗakin yana da haske. Su Ingilan da muka gaji launukan daga gare su sun sauya nasu tun 2004, shuɗi ya koma nutural, baƙi ya zama mai wuta. Yanzu iri biyun duk suna kasuwa. Na ga inda yaro ya ƙara sabuwar kebur a kan tsohuwa, ya haɗa shuɗi da shuɗi da zuciya ɗaya, ya aika wa jerin fitilu bolt 415.

Ba na ƙin fitilun LED. Wutar da suke ci ba ta kai rabin ta da ba, ƙaramin janareta ko sola na ɗaukarsu. Kuma ba duka laifin yaran ba ne: yawancin na kasuwa da guntun wutsiyar waya suke zuwa, ba wurin shiga da fita, dole haɗin ya kasance a waje. Abin da ya kamata shi ne kowace ta samu akwatinta a gefe, gilan na kallon ƙasa, wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a can. Mai wuri kuwa da ya ji kuɗin akwati ashirin sai ya ce a naɗe da salatif. Sannan a jera talatin a bireka ɗaya, a manta cewa fizgar da suke yi a lokacin kunnawa ta ninka cinsu sau da yawa, bireka ta faɗi, a ce ita ce ba ta da kyau, a sa babba a kan siririyar waya.

Masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, waɗanda suka san wannan aiki suka watse, tsofaffin akwatunan ƙarfe kuma suka koma kasuwar Panteka ana auna su a sikeli. Bututun roba ya maye gurbinsu, an kuma ɗauka shi ba ya gumi. Yana yi. Bakin huji na milimita 3 ya isa, a gindin akwatin da ya fi ƙasa, ba a jikin fitila ba, kuma a sa wani ya riƙa leƙa shi kafin ruwan farko.