Gidan Petty: Tashi Da Faɗuwar Sana'ar Gado A Tseren Motoci

A kudancin Amurka akwai wani tseren motoci da ya sha bamban da wanda aka fi gani a talabijin, na ƙananan motocin nan masu tsini da tayoyinsu a waje. Wannan na motoci ne masu siffar motar gida, da rufi da bodi cikakke, irin wadda a farkon lamarin kowa zai iya shiga wurin dillali ya saya, suna zagaya fili mai siffar ƙwai har sau ɗari biyu ko fiye. Hukumar da ke shirya shi, NASCAR, Bill France ne ya kafa ta a 1948 a garin Daytona Beach na jihar Florida. A tarihin gasar babu gidan da sunansa ya kai na Petty, wanda ya ci tsere 268 da kambun shekara sau goma tsakanin 1949 da 2008. Masu ba da labarin gidan sukan rataya komai a wuyan mutum ɗaya, Richard Petty, direban da ake yi wa laƙabi da Sarki. A ganina an ɗora wa direba fiye da rabonsa. Ƙarfin gidan a gareji yake, garejin kuwa na dangi ne, kuma wannan dogaro da na gida da ya ɗaukaka su shekara talatin shi ne ya ɗaure musu ƙafa lokacin da sana'ar ta koma hannun masu jari.

Asalin wasan yana da ƙanshin fasa-ƙwauri. Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta haramta sayar da barasa, kuma ko bayan an ɗage ta, mutanen tsaunukan Apalaciya sun ci gaba da dafa tasu a ɓoye don gudun haraji. Masu kai ta birni cikin dare sukan ƙara wa inji ƙarfi, su ƙarfafa sifirin baya don kada nauyin kaya ya sa mota ta duƙa ta tona musu asiri (wanda ya tashi a bakin iyaka, kamar Maigatari, ba sai an yi masa dogon bayani ba). Ranar hutu kuma sai su taru a wani fili su gwada motar wa ta fi gudu. Shi ya sa a tseren farko na manyan motocin kasuwa, wanda aka yi a Charlotte ranar 19 ga Yuni 1949, wanda ya zo na ɗaya, Glenn Dunaway, aka ƙwace nasararsa domin an sami sifirin motarsa an taɓa shi, aka ba Jim Roper. A cikin waɗanda suka shiga ranar akwai wani manomi mai shekara 35 daga ƙauyen Level Cross na jihar Karolina ta Arewa, Lee Petty. Motar aro ya zo da ita, Buick mai nauyi, kuma kafin a tashi ya wuntsila ta.

Abin da Lee ya yi bayan wannan asara shi ne tubalin gidan. Ya sayi ƙaramar Plymouth marar nauyi, wadda ba ta kai sauran gudu amma ba ta cin taya kuma ba ta mutuwa a hanya, ya mai da rumfar ajiye kayan noman da ke gonarsu gareji. Lissafinsa na ɗan kasuwa ne: motar da ta ƙare tsere a matsayi na uku ta kawo kuɗin cefane, wadda ta yi gaba sannan injinta ya fashe ta kawo bashi. Da wannan haƙuri ya ci kambu a 1954 da 1958 da 1959, ya kuma lashe Daytona 500 na farko a 1959, tseren mil 500, wajen kilomita 800, wanda sai da aka kwana uku ana duba hotuna kafin a tabbatar shi ne ya riga Johnny Beauchamp tsallake layi. A wannan shekarar ce a filin Lakewood na Atlanta aka ɗaga wa ɗansa Richard tutar nasara, wadda da ta zama ta farko a rayuwarsa, sai wani direba ya kai ƙorafi cewa an yi kuskuren ƙirga zagaye. Aka sake ƙirgawa, aka ba mai ƙorafin. Mai ƙorafin kuwa Lee ne, uban yaron. Wasu na kallon wannan a matsayin rashin tausayi. Ni ina ganin alama ce ta gidan da ake riƙe tsere a matsayin sana'ar ci da iyali, inda ko ɗa sai ya ci guminsa. Akwai kuma gargaɗin da ya zo tun wancan lokaci ba a kula ba. A 1955 da 1956 wani attajiri mai masana'antar injin kwalekwale, Carl Kiekhaefer, ya shigo da motoci da yawa da kanikawa na albashi, ya kwashe kambun shekarun biyu, har motocinsa suka ci tsere 16 a jere. Da ya fice bayan shekara biyu sai fili ya koma hannun irin su Petty. Kuɗi ya riga ya nuna abin da zai iya, bai dai zauna ba.

Mummunan hatsarin da Lee ya yi a Daytona a 1961 ya kusan kashe shi, kuma ya miƙa ragamar ga matasa uku da suka tashi a tsakar gida ɗaya. Richard ya riƙe sitiyarin mota mai lamba 43. Ƙanensa Maurice, wanda shan inna ta taɓa yana yaro, ya zama mai haɗa inji. Ɗan uwansu Dale Inman ya zama shugaban kanikawa, mai yanke shawarar lokacin shan mai da canjin taya. Mai karatu a Gumel ko Ɗanzomo ya san irin wannan gida: uba ya sayi babbar mota don ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis zuwa Kudu, babban ɗa ya zama direba, ƙane ya zama bakanike, ɗan baffa ya riƙe kuɗi. Ba a biyan kowa albashin kasuwa, ba a tashi aiki don lokaci ya cika, sirrin sana'a ba ya fita waje, kuma bakanike ba zai yi ha'inci a birkin da wansa zai taka ba. A zamanin da ake yin tsere kusan hamsin a shekara, wani lokaci biyu ko uku a mako ɗaya, wannan riba ce da kishiyoyi ba su da hanyar saye. Sakamakon ya fito a 1967, lokacin da Richard ya shiga tsere 48 ya ci 27, goma daga ciki a jere, da Plymouth ɗaya ƙirar 1966 da aka yi ta gyarawa a Level Cross. Har yau ba wanda ya kusanci wannan adadi.

Mai ja da wannan magana zai ce mutumin da ya ci tsere 200 da kambu bakwai ba ya buƙatar a raba masa yabo da bakanike. Ba a musun gwanintar Richard, amma a duba abin da motocin gidan suka yi a hannun wasu. Jim Paschal ya ci tseren mil 600 na Charlotte da motar Petty a 1964, Buddy Baker ya maimaita a 1972, Pete Hamilton kuwa, matashin da bai taɓa cin babban tsere ba, da aka ba shi motar gidan a 1970 sai ya lashe Daytona 500 da tsere biyu na Talladega. A duba kuma ta ɗaya gefen. Dabarar Inman ce ta ba Richard Daytona 500 na 1981, da ya sa aka zuba mai kawai ba a canja taya ba a tsayawar ƙarshe. Kwanaki kaɗan bayan nan Inman ya bar gidan, kuma a 1984 ya ci kambu da wani direban, Terry Labonte. Richard da kansa, da ya koma tuƙa wa ƙungiyar Mike Curb a 1984, tsere biyu ya ci, na biyun shi ne na 200 ɗin da aka yi a gaban Shugaban Amurka Ronald Reagan ranar 4 ga Yuli, daga nan bai sake ci ba har ya ajiye sitiyari a 1992.

Wata hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce kuɗin kamfani. Gaskiya ne kamfanin Chrysler ya tsaya wa gidan da kayan gyara da injinsa na Hemi, har ma da Richard ya koma Ford a 1969 sai da suka ƙera Plymouth Superbird mai dogon fiffike suka lallabo shi. Sai dai wasu ma sun sami irin wannan gata daga Ford da Chrysler ba su yi rabin abin da Petty ya yi ba. Kuma da kamfanonin motoci suka janye a farkon shekarun 1970, gidan bai durƙushe ba. Ya sami kamfanin man inji na STP a 1972, bayan ja-in-jar da ta kusan wargaza cinikin a kan fenti, shugaban kamfanin Andy Granatelli yana son ja zalla, Richard ya kafe sai an bar shuɗin gidansu, aka raba motar launi biyu. Amma wannan sabon kuɗi shi ne ya fara sauya wasan. An hana tallan taba a talabijin a 1971, sai kamfanin R.J. Reynolds ya juyo da kuɗin tallansa zuwa gasar, aka rage tsere daga 48 zuwa 31 a 1972, aka watsar da ƙananan filayen ƙauye. A 1979 gidan talabijin na CBS ya nuna Daytona 500 kai tsaye daga farko har ƙarshe, Richard ya ci bayan na gaba biyu sun yi karo a zagayen ƙarshe, kuma kambun wannan shekara shi ne na ƙarshe da ya shiga gidan. Da tsere ya ragu kuɗi ya ƙaru, juriyar aikin dare ta rage daraja, bincike da gwaje-gwajen injiniyoyi suka hau.

Alamar rauni ta bayyana a Charlotte a watan Oktoba na 1983. Richard ya ci tseren, amma da aka buɗe injin sai aka same shi ya haura girman da doka ta yarda, aka ci tarar dala 35,000 aka zaftare maki 104. Maurice ya ɗauki laifin. Gidan da ya saba wuce kowa da gwaninta ya kai matsayin da sai da maguɗi yake kamo na gaba, kuma bayan wannan ne Richard ya fice na shekara biyu. A 1984 ɗin da ya fice ne wani dillalin motoci na Charlotte, Rick Hendrick, ya kafa tasa ƙungiyar da ma'aikata 'yan ƙalilan. Ribar shagunansa ta ba shi damar ɗaukar duk wanda ya iya aiki ko daga ina yake, ya tsayar da mota biyu a 1986, uku a 1987, kowace tana amfana da abin da 'yar uwarta ta gano. Garuruwan da ke kewaye da Charlotte suka zama matattarar kanikawa da injiniyoyi, mutum ya bar wannan gareji ya shiga na maƙwabci da iliminsa a ka. Level Cross na can gefe, tafiyar fiye da awa guda, kuma gidan Petty bai yarda ya ƙaura ba sai a kakar 2008, ya koma Mooresville. Daga 1984 zuwa lokacin tsere uku kacal ya ci, biyu da Bobby Hamilton, na ƙarshe da John Andretti a Martinsville a 1999.

Akwai masu cewa ƙaddara ce ta karya gidan, domin Adam Petty, jikan Richard, wanda aka shirya zai gaji lamarin, ya rasu a hatsarin gwaji a filin New Hampshire ranar 12 ga Mayu 2000 yana da shekara 19, makonni kaɗan bayan rasuwar Lee. Rashi ne babba, kuma ba mai hankalin da zai raina shi. Amma koma-bayan ya girmi wannan rashi da shekara goma sha biyar, sannan Hendrick ma ya ga irin tasa jarrabawar. A watan Oktoba na 2004 jirgin saman ƙungiyarsa ya faɗi kusa da Martinsville, mutum goma suka mutu, ciki har da ɗansa Ricky, da ɗan uwansa John wanda shi ne shugaban ƙungiyar, da babban mai haɗa injinsu Randy Dorton. Magaji da shugaba da mai inji suka tafi rana ɗaya, amma daga 2006 zuwa 2010 direbansu Jimmie Johnson ya ci kambu biyar a jere. Hendrick ma kamfanin iyali ne ta fuskar mallaka. Bambancin shi ne ilimin aikin ba a kan 'yan gida kaɗai yake ba, an baza shi a hannun ɗaruruwan ma'aikata, kowane gurbi da mai jiran gado. A gidan Petty kuwa rasa mutum ɗaya rasa shirin shekara ashirin ne.

Saura misalin gidan Wood na jihar Bajiniya, wanda aka kafa a 1950, yake hannun dangi har yau, ya kuma ci tserensa na 100 a 2024. Wannan bai rushe maganar ba. Sun daɗe suna zaɓar manyan tsere kawai maimakon bin kambun shekara, ba su taɓa rabuwa da Ford ba, sun kwashe garejinsu daga garin Stuart zuwa kusa da Charlotte, daga baya kuma suka jingina da babbar ƙungiyar Penske wajen fasaha. Sun rayu ne da yarda su zama ƙanana a inuwar wani, abin da gidan da ya saba da sarauta bai iya ba sai da lokaci ya ƙure. A 2008 Petty ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga kamfanin Boston Ventures, babban mai tallansa General Mills ya koma wata ƙungiya, tattalin arzikin Amurka ya karye, kuma a Janairun 2009 aka haɗe abin da ya rage da ƙungiyar Gillett Evernham, aka ci gaba da amfani da sunan Richard a kan kamfanin da wasu ke juyawa. A watan Mayun 2021 Hendrick ya ci tsere na 269 ya wuce tarihin gidan. Lamba 43 tana nan tana zagaya fili, a jikin Toyota tun 2024, ƙarƙashin ƙungiyar Legacy Motor Club, wadda Jimmie Johnson, direban da ya tashi a hannun Hendrick, yake cikin masu ita.