Yadda masana ke leƙa cikin jikin dabba mai rai

A da, mai binciken da ke son ganin ɓarnar da cuta ke yi a jiki kan kashe dabbar gwaji ne, ya yanki tsokarta ya duba a madubin likita. Abin da ya faru kafin nan ko bayansa, sai dai hasashe.

A 1990 Winfried Denk da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ɓullo da wani madubi mai aiki da hasken lesa, wanda ke ratsa tsoka ba tare da yi mata illa sosai ba.

Akan sa wa ɓera maganin barci, a cire ɗan ɓangaren ƙoƙon kansa, a liƙa gilashi a gurbin. Ta wannan tagar ake komawa ana duba ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa tsawon watanni.

Masu binciken zazzaɓin cizon sauro ma sun amfana da kallon dabba mai rai. A 2006 masana a Cibiyar Pasteur da ke Faransa sun bi sawun ƙwayoyin cutar a fatar ɓera bayan cizo, inda suka ga cewa ba dukkansu ke shiga jini ba.

Sai dai hasken ba ya wuce zurfin kimanin milimita 1.