Yadda Rawa da Waƙa Suka Samu Gindin Zama a Fim ɗin Hausa

Duk wanda ya kalli fim ɗin Hausa a farkon shekarun 2000, ko a Kano yake ko Zariya ko Maraɗi, ya san tsarin nan. Saurayi da budurwa suna zaune a falo suna hira, sai fiyano ya tashi. Kafin a ƙifta ido ga su a cikin lambu, sun sake kaya, suna zagaya furanni, kowannensu na motsa baki da muryar wani mawaƙi da ba a gani. Sai an yi mintuna ana wannan kafin a koma kan labari. Yara da yawa sun tashi suna zaton da haka fim ɗin Hausa ya zo duniya, alhali sai da sana'ar ta yi kusan shekara goma kafin wannan salo ya mamaye ta, kuma akwai dalilan da suka sa ya mamaye ta ɗin.

Tushen abin yana gidajen sinima. 'Yan kasuwa Kwarori, mutanen Labanan, su ne suka riƙe wannan harka a Kano tun zamanin Turawa. An buɗe Rex a 1937, daga baya aka sami irin su El Duniya da Palace da Plaza da Orion da Eldorado da Wapa. Tun daga farko sinima ba ta yi farin jini a wurin dattawa ba. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu, kuma mutane da dama a gari suka ɗauki abin a matsayin fushin Allah. Da aka zo buɗe Palace a cikin birni a 1952, malamai sun nuna ƙin amincewarsu ƙarara. Haka sinima ta zauna a matsayin wurin samari da 'yan gayu, wurin da matar aure ko 'yar mutunci ba ta taka ƙafa.

Da fari fina-finan kaboyi da na Ingila ake haskawa. Da masu sinima suka fara shigo da na Indiya, sai suka ga kasuwa ta buɗe fiye da yadda suka zata. Bahaushe bai jin yaren, amma yana gane abin da ke faruwa sarai: uba ya rantse 'yarsa ba za ta auri talaka ba, uwa tana kuka a kan ɗan da ya lalace, budurwa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai a gaban manya. Ga rawani, ga dogayen riguna, ga kunya tsakanin mace da namiji wadda babu ita a fim ɗin Amurka. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi, mutane na komawa kallo. Har sunaye aka laƙaba wa jaruman. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Talabijin ce ta kai Indiya cikin ɗakunan mata. Daga ƙarshen shekarun 1970 tashar NTA Kano ta riƙa sa fina-finan Indiya a kai a kai, kuma bisa ƙididdigar Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni, abin da tashar ta haska zuwa 2003 ya haura fim dubu. Matan da ke cikin kulle, waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar Plaza ba, suka haddace waƙoƙin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba tare da sanin ma'anar kalma ko ɗaya ba. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge na Jos suka riƙa ɗaukar karin waƙar Indiya suna zuba masa Hausa. Masu bege ma ba a bar su a baya ba, domin a Kano an yi ƙungiyar 'yan mandiri mai suna Ushaƙu Indiya, waɗanda ke yabon Manzon Allah (SAW) da karin waƙoƙin fim. Kunnen jama'a ya riga ya saba tun kafin masu fim ɗin bidiyo su ɗauki kyamara.

Sai dai waɗanda suka fara yin fim da Hausa ta wata ƙofa dabam suka shigo. Akwai fina-finan da hukuma ta ɗauki nauyi, tun daga na majigi irin Baban Larai, mai koyar da noman auduga, har zuwa Shehu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akwai kuma wasannin kwaikwayo na talabijin da suka yi tashe, irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo. A unguwannin Kano matasa sun kafa ƙungiyoyin dirama, suna wasa a dandali, suna neman a ba su fili a talabijin. Ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa, wadda su Ibrahim Mandawari ke ciki, ita ce ta gaji da jira ta ɗauki wasanta a kaset ɗin bidiyo ta kai kasuwa. Wannan shi ne Turmin Danya na 1990, wanda marigayi Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin farko na wannan masana'anta. Fim ɗin Gimbiya Fatima ya biyo baya.

Marubuta littattafan soyayya suka shigo da nasu kayan. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo, daga baya aka ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Ƙarfin waɗannan fina-finai yana cikin magana da labari, kuma kiɗan da ke rakiyarsu galibi na gida ne, kalangu da sarewa da makamantansu. Wanda ya sake kallonsu yau zai ji ƙamshin dandali da na littafi ya fi na Bombay yawa.

Abu biyu ne suka juya akalar sana'ar, kuma na farko na'ura ce. Wajen tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan kiɗa a Kano, musamman na Iyan-Tama da Hamisu Lamiɗo Iyantama ya kafa, suka fara aiki da fiyanon Yamaha. A cikin wannan akwati guda akwai sautin ganga da sarewa da goge da tabla irin ta Indiya. Yaro ɗaya mai kunne zai zauna a ɗan ƙaramin ɗaki ya haɗa abin da da sai an tara makaɗa biyar an biya kowa. Mawaƙi ya shigo da baitocinsa, mawaƙiya ta karɓa masa, a naɗe a kaset kafin la'asar. Daga nan aka sami sabon rukunin masu sana'a waɗanda jama'a suka san muryarsu kafin su san fuskarsu, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim, daga baya Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi ta zo Kano.

Na biyu kuwa kasuwa ce, kuma a nan ne labarin ya fi daɗin bi. Yadda ake cinikin fim a Bata da Ƙofar Wambai a wancan lokaci ba irin na ko'ina ba ne. Furodusa zai gama fim, ya je maɗaba'a ya buga kwalayen kaset masu hoton jarumai, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset ɗin. Ɗan kasuwa kwali yake saye. Shi zai nemo kaset ɗin da babu komai a ciki, ya jera na'urorin bidiyo a shagonsa ya yi ta kwafa, ya zura a kwali ya sayar. Ribar mai fim tana kan yawan kwalin da aka ɗauka, saboda haka maganar ɗan kasuwa ita ce magana. Shi kuma ɗan kasuwa abin da ya lura da shi shi ne, mai saye, wanda sau da yawa yaro ne da matan gida suka aiko, yana zuwa ne da sunan fim ɗin da aka ga tallarsa a farkon wani kaset. Talla kuwa babu abin da ke kama ido a cikinta kamar waƙa.

Fim ɗin Sangaya ne ya tabbatar da haka. Kamfanin Sarauniya ya fitar da shi a 1999, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragama a labarin yarima da ya kamu da son yarinyar da ke hidima a gidan sarauta. Labarin ba baƙo ba ne ga mai sauraron tatsuniya. Waƙar ce ta yi aikin. Kafin fim ɗin ya gama zagaya gari, ana jin ta a gidajen biki, a shagunan masu kaset, a bakin 'yan mata masu talla. Ya yi cinikin da ya sa duk mai ɗan jari a Kano ya fara tunanin shi ma ya yi fim. Wasila na Yakubu Lere da Mujadala na kamfanin FKD suka fito a 2000, suka ƙara wa wutar itace.

Daga nan tsarin aiki ya kife. Furodusa kan fara sayen waƙa, sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Fim ɗin da ba shi da waƙa uku ko huɗu, da wuya ɗan kasuwa ya karɓi kwalinsa da yawa. Wasu ma ba su tsaya wahalar ƙirƙira ba, sai su ɗauko fim ɗin Indiya sukutum su sauya masa riga, abin da 'yan masana'antar da kansu ke kira wankiya. Sana'ar ta rabu gida biyu: 'yan santimantal masu soyayya da rawa, da 'yan camama masu barkwanci, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ke jagoranta. Su ma 'yan camamar ba su tsira ba, domin Ibro ya riƙa ɗaukar waƙoƙin da suka yi tashe yana juya su zuwa abin dariya.

A daidai wannan lokaci masana'antar ta sami suna da 'yan jaridarta. Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a 1999, kuma a shekarar ce Sunusi Shehu Daneji ya fito da sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, shekara uku kafin a fara kiran ta Legas da Nollywood.

Rawar da ta kawo kuɗi ita ta jawo rigima. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, kuma cakuɗuwar maza da mata a fagen rawa na cikin abin da aka fi sa wa ido. Abin ya fi tsanani daga 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi shugabancin hukumar. An ɗaure Adam A. Zango a kan faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya, an ɗaure Ibro, an ɗaure Iyantama a ƙarshen 2008 a kan fim ɗin Tsintsiya, 'yan fim da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. Ƙorafin malamai da iyaye yana da tushe, don wasu fina-finan lokacin ba su da komai sai sauya kaya da girgiza jiki. Amma ɗauri bai kashe rawar ba, tunda mai saye yana nan yana nema.

Abin da doka ta kasa, sauyin kasuwa ne ya yi shi. Kaset ya ba faifan CD wuri, shi kuma faifan ya faɗa hannun masu satar fasaha da masu tura fim a waya a kan kuɗi kaɗan. Sai ga fassarar Indiya-Hausa, wadda ɗakin Algaita ya fi shahara da ita, ta ba mai kallo Indiyar ta ainihi da Hausa a bakin jarumanta, har da barkwancin Kano. Mai son Indiya ya daina buƙatar wankiya. Shagunan Ƙofar Wambai da yawa suka koma sayar da wasu kayan.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna wata hanya da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka ja miliyoyin masu kallo a talabijin da YouTube. Fim mai dogon zango yana rayuwa ne a kan mai kallo ya ƙagu ya ga abin da zai faru mako mai zuwa, don haka marubucin labari ya dawo da darajar da ya rasa tun zamanin su Gidan Dabino. Waƙa tana nan, amma yawanci a matsayin taken shiri ko rakiyar wani yanayi na baƙin ciki ko shauƙi, ba a cika tsayar da labari domin a tafi lambu ba.

Mawaƙan kuma sun kama gabansu. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Nazifi Asnanic, waɗanda fim ya fito da su, suna sakin kundin waƙoƙinsu da bidiyonsu kai tsaye, suna cika wuraren biki da na wasan Sallah daga Kano har Yamai da Kumasi. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta karaɗe wayoyin mutane a 2020, matan aure na ɗaukar kansu suna taka rawarta a gaban mazajensu suna sawa a intanet, kuma ba ta jira wani fim ya yi mata talla ba.