Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Tayirod da Larurar Down

A gaban wuyan kowane ɗan Adam akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod, ita ce in ta kumbura a ce mutum ya yi maƙoƙo. Sinadarin da take zubawa cikin jini shi ke tafiyar da girman ƙashi da ƙwaƙwalwa. Jaririn da ya rasa shi ba ya yin tsawo, harshensa kan yi kauri, jikinsa ya saki, fahimtarsa ta yi nauyi.

To, waɗannan alamu sun yi kama da na yaran da ake haifa da larurar Down, har likitocin Turai suka daɗe suna ɗaukar abu biyun abu guda ne. Sai a shekarar 1866 Likita John Langdon Down na asibitin Earlswood a Ingila ya bayyana siffar waɗannan yara daban, aka kuma sa wa larurar sunansa daga baya.

A 1891 Likita George Murray na Newcastle ya yi wa wata mace mai raunin tayirod allurar ruwan tayirod na tumaki, ta sami sauƙi. Ganin haka sai aka shiga bai wa yara masu larurar Down wannan magani, shekara da shekaru, amma larurar tana nan. A 1959 ne Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka gano dalili a birnin Paris: ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom 47 ne a jikin yaran maimakon 46, watau na 21 ya zo uku.

Amma magana ba ta ƙare nan ba. Bayan da aka soma gwajin jinin jarirai a Quebec ta Kanada a 1974, bincike ya yi ta nuna cewa tayirod ɗin yaran nan ya fi na sauran yara saurin kasawa, ko tun haihuwa, ko daga baya sa'ad da garkuwar jiki ta far masa. Haɗarin shi ne, alamun kan ɓuya cikin larurar, a ce ai haka Allah ya halicci yaron, alhali kuwa ƙwayar magani ɗaya a kullum ta isa ta gyara tayirod ɗin.

Don haka a 1988 aka fitar da jadawalin awon girma na musamman domin waɗannan yara a Amurka, aka yi sabo a 2015, saboda a bambance gajartar halitta da ta ciwo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa ta ba da shawarar a gwada jininsu lokacin haihuwa, da wata 6, da wata 12, sa'an nan kowace shekara. Abin da ido ya kasa rarrabewa shekara ɗari, ɗigon jini ne ya rarrabe shi.