Baƙon Wahala a Ƙasar Gumel

Hausawa suna cewa, baƙonka annabinka. Mutanen kan iyaka sun fi kowa sanin nauyin wannan magana, don kuwa duk wanda wahala ta koro, ƙofarsu yake fara bugawa. Ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana cikin irin waɗannan wurare.

Tun asali mutanen Gumel sun san ƙaura. Mangawa ne suka kafa sarautar wajen shekarar 1750, suna bin Borno. Sarakunansu sun zauna a Tumbi, kafin su dawo Gumel gab da tsakiyar ƙarni na 19. Daga nan suka sha gwagwarmaya da Haɗejiya da Kano da Damagaram. In yaƙi ya taso, talaka ya kan bar gona da rumbu, ya goya 'ya'yansa, ya nemi garin da ke da ganuwa. Da Turawa suka zo, Faransa ta ci Damagaram a 1899, Gumel kuwa ta shiga hannun Ingilishi a 1903. Aka ja iyaka, Tumbi ta faɗa wancan gefe. Dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu.

Amma yunwa ba ta san iyaka ba. A 1913 damina ta ƙi, gero bai yi ba, a 1914 aka shiga babbar yunwar nan da a ke kira Kakalaba. Mutanen arewa suka kwararo kudu suna neman abin sa wa a baka, da yawa suka mutu a hanya. Haka kuma aka yi a farin 1973 da 1974, sa'ad da dabbobin Buzaye da Filani suka ƙare, masu garke suka koma bara a biranen Hausa.

To, ƙaƙa talakawa suka yi da waɗannan baƙi? Ba su da ofis, ba su da asusu. Abin da suke da shi al'ada ce. Baƙo in ya iso ya kan sauka a masallaci ko a zauren mai unguwa. A kawo masa ruwa tun ba a tambayi sunansa ba, da dare kuma gidajen unguwa su fito da tuwo. In ya yi nufin zama, a ara masa gona, ko ya yi ƙwadago har ya tsaya da ƙafarsa. Ga kuma zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, wadda matafiyin da guzuri ya yanke wa yake da rabo a ciki.

An kuwa ga abin da ke faruwa in an rufe ƙofa. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Wannan ya zo daidai da wani mugun fari. Hanyoyin kasuwannin iyaka, irin ta Maigatari, suka toshe, hatsi ya yi wuyar ƙetarawa. Mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan shugaban da ya rufe iyakar, suka ce da ita El Buhari.

Sa'an nan zamani ya juya. Daga 2013 rikicin Boko Haram ya kori dubban mutanen Borno da Yobe zuwa Diffa, a 2019 kuma 'yan bindiga suka kori na Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Waɗanda kakanninsu suka zo neman tsaba, su ne suka shimfiɗa wa 'yan Nijeriya tabarma.

Kada mai karatu ya zaci wannan hali na Musulmi ne kaɗai. Littafin Kirista ya ba da labarin yadda aka gudu da Yesu Almasihu zuwa Masar yana jariri, don tsoron sarki Hirudus. Ya kuma koya musu cewa wanda ya sauki baƙo, kamar Almasihu ya sauka. Tun 1914, shekarar Kakalaba ke nan, Cocin Katolika ya ware rana guda a shekara ta tunawa da masu ƙaura, da yi musu addu'a. A kan roƙa musu mafaka, da haɗuwa da iyalansu, da taushin zuciyar masu masauki, da ƙarfin rai kada su yanke ƙauna.

Wannan addu'a ba ta tsaya a baki ba. Da garin Mubi ya faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoba na 2014, jama'a suka gudo Yola. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu harabar babban cocin Saint Theresa. Dubbai suka sauka, Kirista da Musulmi, aka ci da su ba a tambayi addinin kowa ba. Da ƙura ta lafa waɗansu suka koma gida, waɗansu kuwa ba gidan komawa. A 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi kusa da Yola, da makaranta, da coci, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Masu ilmi za su tuna da hijirar farko, wajen shekarar 615, sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika da sahabbansa Habasha, wurin Najjashi, sarkin Kirista, wanda ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa.

Saboda haka, jama'a, in fari ko fitina ta kawo wani ƙofarku, ku tuna ba wanda ke barin kushewar iyayensa don marmari. Wanda ba shi da dami ya ba da mudu, wanda ba shi da mudu ya saki fuska, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai masaukin bana ba shi da tabbacin inda zai kwana baɗi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowane ɗan gudun hijira gidansa lafiya, amin.